Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙoƙo

Alli ne ya ƙare mini. Da bai ƙare ba, da ban tsuguna ina tona ramuka a gaban 'ya'yan mutane ba, da kuma mutanen Illela ba su yi mako guda cur suna kirana boka ba.

A lokacin Turawa ba su yi wani daɗewa a ƙasar ba. Tsofaffin garin duk sun girmi iyakar da ta raba mu da Kwanni, kuma suna kallonta ne kamar baƙon da ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakiyar hanya: a gaishe shi, a kewaye shi, a wuce. Makarantarmu rumfar kara ce jingine da bangon ƙasa guda ɗaya. Ni ne babban malami, ni ne ƙarami, ni ne kuma mai buga guntun ƙarfen da muke kira ƙararrawa. Yaran, mai gari ne ya tattaro su gida gida, ba da son iyayensu ba. Iyayen kuwa suna da magani mai sauƙi. Duk wanda ransa ya ɓaci da boko sai ya tura ɗansa ƙetare, a ce ya tafi taya baffansa awon kanwa. Ba ni da ikon kiran yaro daga ƙasar Faransa. Mai gari ma ba shi da shi.

Baturen da ke duba makarantu ya riga ya gaya mini a zuwansa na baya cewa in ya sake tarar da rumfar nan babu yara, zai rufe ta, a ɗora bencinan a kan jakuna a kai wani gari. Takarda ta zo cewa yana nan tafe ranar Talata ta sama. Jakin da zai kawo alli daga Sakkwato ne dai bai zo ba.

Gaskiya ban damu da Illela ba a wancan lokaci. Na riga na rubuta takarda uku ina roƙon a sauya mini wurin aiki. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na tashi yara sai in kama hanya, wata rana har bakin tafkin Kalmalo, in tsaya ina kallon masunta kamar ni na aike su, in juyo. Ina ganin ilimina ya fi ƙarfin garin, irin ganin da kowane ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake yi wa garin da ya san shi tun ba ya sa wando.

A cikin akwatina akwai wata takarda da na kwafo da hannuna a makarantar horon malamai. Ita ce abin da yanzu ake kira jadawalin sinadarai: jerin abubuwan asali da aka gina duniya da su, irin su ƙarfe da dalma da farar wuta, waɗanda duk yadda ka niƙa su ko ka narka su ba za su rabu su zama wani abu ba. Malaminmu ya ba mu labarin wani masani a ƙasar sanyi da ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya ga halayensu suna zagayowa, kamar yadda ranakun mako suke zagayowa. Inda jerin ya tsinke bai cusa kome da ƙarfi ba. Ya bar gurbi, ya ce akwai abin da ya dace da nan, nauyinsa kaza, halinsa kaza, ba a dai gano shi ba tukuna. Daga baya aka gano. Wannan labari ya hana ni sukuni shekara biyu. Ba ya cikin abin da aka ce in koyar. Ni karatu da rubutu da lissafi da wanke hannu aka aiko ni. Amma babu alli, ga yara sun zuba mini ido, ga kaka ta yi, hatsi ko'ina.

Na fito da su gindin bishiyar da ke bayan rumfa, na ce, "Yau Lahadi. Kasuwar ina ke ci?"

"Tamu!"

"Bayan kwana bakwai fa?"

Suka dube ni da tausayi. "Tamu mana, Malam."

"Wa ya gaya muku? Kun je can kun gani?"

Ba su je ba, amma sun sani. To daga nan na kama. Na tona ramuka a ƙasa, bakwai a jere, sahu huɗu, kamar na masu dara. Ramin farko na sa ƙwayar gero ɗaya, na biyu dawa biyu, na uku wake uku, haka har bakwai, kowanne da irinsa. A na takwas na koma kan gero, ƙwaya takwas. Na tara dawa. Na goma na tsallake shi, na bar shi wayam, na ci gaba.

"Malam, ka manta ɗaya."

"Ban manta ba. Me ya kamata a sa?"

Can sai baki uku suka haɗu: "Wake! Wake goma!"

Na koyar shekaru da yawa bayan wannan, a ɗakuna masu tagar gilashi, amma ban sake jin abin da na ji a ƙirjina ranar ba. Da na tsaya nan, da lafiya lau. Ni kuwa ba mai tsayawa ba ne.

Washegari na biya gidan kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ne babban malamin allo na unguwarmu, kuma a hannunsa na sauke Alƙur'ani kafin a kai ni boko. Ba wurinsa na je ba. Wurin 'yarsa na je, taubashiyata, wadda ta girme ni da shekara biyar, take sayar da kanwa da gishiri a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa barina na wuce ba tare da ta yage ni ba. Na ari munduwarta ta tagulla da zoben azurfa. Na sayi ɗan dunƙulen farar wuta, na tsinci gawayi.

Ta ce, "Kai ɗan mace, mi zaka yi da kayan adona? Ko amarya anka yi maka ba mu sani ba?"

"Karatu za a yi da su."

"Karatu! To ka maido min su da ilimi."

A gindin bishiya na tona sababbin ramuka. Gawayi a nasa sahun, farar wuta a nata. Sa'an nan na yi uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na sa tagulla a na sama, azurfa a na tsakiya. Na ce, waɗannan 'yan gida ɗaya ne: suna bin hannun maƙeri, ana ado da su, ba sa tsatsa irin ta ƙarfe, kuma na ƙasa ya fi na sama nauyi. Na uku ya fi su duka nauyi, ya fi su ƙin lalacewa. Wane ne?

'Ya'yan fatake ne. Kafin in rufe baki suka ce, "Zinariya!"

Na buga ƙasa da tafin hannu saboda murna, na ce, "Nan zinariya take."

Haka na faɗa. Ba gurbinta na ce ba. Na sha juya maganar nan a raina, ban sami wanda zan ɗora wa laifi ba.

Da safe na tarar an haƙe ramin na uku har ƙugu. Wanda ya yi aikin ya yi shi da gaske, har ya tara ƙasar gefe guda da tsari. Na yi dariya ni kaɗai. Na buga ƙarfe, rabin yara suka zo. Kashegari kashi ɗaya cikin uku. Ran Alhamis na buga ƙarfe har hannuna ya yi zafi, akuya biyu ne suka leƙo. Baffannin Kwanni gaba ɗaya sun tashi da bukatar masu awon kanwa.

Taubashiyata ce ta kwance mini zancen, tana auna gishiri ba ta ko ɗago kai ba.

"An ce ƙasa kaka buga ma ɗiyan mutane. An ce ka zana hatimi gidaje ashirin da takwas, ka sa farar wuta, ka bugi ƙasa da hannu, ka hwaɗi abin da ba a gani ba. Wasu sun ce Turawa sunka koya maka kiran zinariya. Ni dai in ta zo, munduwata ta jawo ta, rabona biyu."

"Ke ma kin yarda?"

"Ni? Boka da ba shi iya sanin ranar da allinshi zai ƙare?" Sai ta ajiye mudun. "Amma Baba bai yi dariya ba. Dattawa sun zo zaure jiya."

Mai gari yana iya tara yara, amma kawuna ne kaɗai ke iya sa iyaye su bar su zaune. In ya ce abin nan duba ne, ba yaro ɗaya da zai dawo, ko Bature ya zo da doki goma.

Kwanakin nan ban san inda na sa kaina ba. In shiga rumfa in jera bencina, in fito, in koma in sake jera su. Na ɗauki fartanya zan cike ramin, na tuna za a ce na ɓoye shaida, na ajiye. Na kama hanyar Gidan Katta ba da wani dalili ba, na yi rabi na juyo. Na fito da takarda zan rubuta roƙon sauyi na huɗu, sai na ga ba na bukatarta: ran Talata za a sauya ni ko ban roƙa ba. Abin mamaki, wannan ne ya fi ci mini rai. Ina son in bar Illela, amma da ƙafata, ba a bayan jakuna masu ɗauke da bencina ba, mahaifiyata na jin ana cewa ɗanta ya tafi boko ya dawo da tsibbu. Sau biyu na isa ƙofar zauren kawu, na ji muryarsa yana biya wa manyan ɗalibai karatu, na wuce kamar hanya ce ta biyo da ni.

Ran Asabar kawu ya aiko: bayan la'asar zai zo ya ga abin da idonsa.

Ya zo da dattawa shida, da wasu da ba a gayyata ba suka tsaya daga nesa. Na shimfiɗa masa buzu. Na durƙusa na gaishe shi. Duk Hausar littafi da na koyo ta gudu, bakin gidanmu ya dawo mini.

"Allah shi gafarta Malam, sannu da zuwa."

"Malamin boko," in ji shi. Bai taɓa kirana haka ba sai in akwai magana. "Tona muna abin da ka tona ma ɗiya. Kak ka rage kome."

Na tona. Na jera har ashirin da takwas, na yi bayani kamar yadda na yi wa yara, da kasuwar Lahadi da duka. Ya saurara, idonsa rabi a rufe. Da na gama ya miƙa sandarsa ya share rami ɗaya a sahu na uku, ya watsar da abin da ke ciki. Ya juya wurin wani dattijon falke, mutum mai raƙuma da yawa da 'ya'ya biyu a makarantata, wanda kuma shi ya fi kowa ɗaga murya a kaina.

"Alhaji, mi ya kamata shi zauna nan?"

"Ni? Allah shi kiyaye. Ba ni taɓa wanga abu."

"Ban ce ka taɓa ba. Duba dai."

Falken ya duba da gefen ido, kamar mai kallon abin da bai halatta ba. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana lissafin kaya ba ya iya ganin jeri ya ƙyale. Na ga leɓensa na motsi.

"Wake ne," ya ce a hankali. "Goma sha bakwai."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Ba kowa. Ai ga shi nan, na bisa wake, na ƙasa wake..." Sai ya ja da baya, ya shafa gemu. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Alhaji, ashe kai ma ka iya! Nawa kaka amsa?" Aka yi dariya, ban da shi, ban da kawu.

"Wanga lissahi ne," in ji kawu. "Ba shi munka zo dubawa ba. An ce kana hwaɗin abin da ke ɓoye. Juya muna baya."

Na juya, fuskata na kallon bangon makaranta. Sai na ji motsin riga. Sai wani ɗan ƙaramin sauti, ƙas.

Na san sautin nan tun ina ɗan shekara biyar. Kowace rana ta Allah, bayan la'asar, kawuna yakan sa hannu a aljihun hagu, ya fito da farin goro, ya ɓare shi biyu da farcen babban yatsa, ya ci rabi, ya ajiye rabi sai bayan magariba. Shekara bakwai ina zaune gabansa da allo, da sautin nan nake gane an kusa tashinmu.

"Juyo."

An kifa ƙoƙo a kan ramin da ya share. Kawu yana tauna wani abu a hankali.

"To, malamin boko. Mi ke ƙarƙashi?"

Ba zan iya kwatanta yadda amsar ta yi mini ƙaiƙayi a harshe ba. Tun ina makaranta ba a taɓa yin tambayar da na san amsarta na yi shiru ba. Saboda wannan hali aka ba ni kyautar littafi, saboda shi kuma 'yan ajinmu suka taɓa jefa hulata cikin rijiya. Ga jama'a, ga falken da ya zage ni, ga dama in ce rabin farin goro ne in ga bakinsu ya buɗe. Har na ja numfashi. Sai na hango abin da zai biyo baya: a ɗaga ƙoƙo, a ga goro, a yi salati, kafin magariba labari ya kai Kwanni cewa yana gani har ta cikin ƙwarya. Amsa daidai ita ce za ta rufe makarantar.

Kuma da na tsaya na duba, ashe ban ma sani ba. Na ji sauti, na san al'adarsa, na haɗa. Zai iya cin rabi ya mayar da rabi aljihu, ya kifa ƙoƙo a kan tsakuwa, ko a kan babu.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, abin da jeri ya nema nan, wake ne goma sha bakwai. Wannan kowa na iya gani, Alhaji ma ya gani. Abin da ke ƙarƙashin ƙoƙo kuwa, ban sani ba. Wanda ya sa shi ya sani, sai Allah."

"Ko kaɗan ba ka sani ba?"

"Ina da zato. Zato ba sani ba ne."

Ya ƙura mini ido. Sa'an nan ya ture ƙoƙon da sanda. Rabin farin goro ne, kwance cikin ƙasa. Ya ɗauka, ya hure, ya mayar aljihu.

"Boka ba shi cewa bai sani ba," ya ce wa dattawan. "Da ya ce hakanan, da yunwa ta kashe shi. Wanga yaro ba boka ba ne. Surutu dai gare shi, tun yana ƙarami." Ya juyo gare ni. "Amma ka bar zane bisa ƙasa. Ga bango nan, ga gawayi. Mai zane ƙasa, an san ko wane ne garin ga. Kuma in zaka ce za a samu abu, ka ce in Allah ya so. Shi mutumin naku na ƙasar sanyi, in bai ce ba, kai ka ce mashi."

"To zinariyar fa?" wani ya tambaya daga baya.

"Wanda ya haƙa shi hwaɗa muna," in ji kawu. Sai mutum ɗaya ya shiga gyaran rawani.

Na raka shi gida, ina riƙe da buzun. Sai da muka bar mutane ya yi magana, ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka san goro ne."

"Na yi zato, Kawu."

"Da gangan na ɓare shi kusa da kunnenka. In ga ko bokon ya bar maka wurin yin shiru." Muka yi 'yan taku. "Wancan da ka hwaɗi, na zato da sani, shi zaka koya musu. Waken banza ne."

Ban yarda waken banza ne ba, har yau ban yarda ba, amma ranar na riga na koyi yin shiru sau ɗaya, sai na ƙara na biyu.

Ran Lahadi, da 'yan kasuwar da suka ƙetaro, yara suka fara dawowa, wasu a kan jakunan kanwa. Ran Litinin na zana gidajen a bango da gawayi, na sa ɗigo maimakon hatsi. Ran Talata Bature ya zo da tafintansa, ya ƙirga yara, ya sake ƙirgawa, ya rubuta. Ya tsaya gaban bangon ya daɗe, ya tambaya ko wannan yana cikin abin da aka ce in koyar. Na ce lissafi ne. Ya dubi ramin da ke gindin bishiya, na ce na kwaɓa ƙasar yaɓe ne, wanda kuwa daga baya ya zama gaskiya. Bencina suka kwana a wurinsu. Allin ma a cikin kayansa ya zo.

'Ya'yan falken nan biyu ba su dawo ba. Ban san ko dariyar da aka yi masa ce ba, ko kuwa ya ga abin da makaranta ke koyarwa ya riga ya iya. Wurin zamansu ya kasance wayam a benci na biyu har ƙarshen shekara, kuma kullum in na shigo can idona yake fara zuwa.

Takarda ta huɗu na rubuta ta duk da haka, bayan wata biyu. Hali ba ya sauka don an sha da ƙyar sau ɗaya. Ba a amsa ba sai bayan shekara uku.

Da na mayar wa taubashiyata munduwa da zobe, ta juya su a hannu, ta gwada nauyinsu, ta leƙa cikin tsumman da na ƙunso su.

"Biyu na ba ka, biyu ka maido. Ina ta ukun?"

Na ce, "In Allah ya so."